Yadda ake haɗa lemar kamun bas ba tare da karya dokar ƙugiya ba

A Yawuri na tashi, inda masunci zai shimfiɗa mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da yamma, ya koma gida ya kwanta, babu mai zuwa ya ƙidaya masa. Shi ya sa ranar da wani abokin aikina a Chattanooga ya ce mini ƙugiya biyar a zare ɗaya laifi ne a jihar Tenesi, dariya na yi, na ɗauka zolaya ce. Ashe da gaske yake. Tun daga lokacin na haɗa wannan abu na kwance ba adadi, kuma 'yan'uwa da ke sha'awar fita tafki a nan Amurka suna yawan tambayata a kansa, don haka na ga gara in rubuta sau ɗaya.

Abin da ake magana a kai shi ne haɗin da ake sayarwa da sunan Alabama rig. Ni lema nake ce masa, domin kamarsa ke nan: ɗan kai guda mai siffar kan kifi, sai wayoyi biyar da suka bazu daga bayansa kamar ƙarafunan lema, kowace waya da maƙali a ƙarshenta inda ake rataya kifin roba. In ka ja shi cikin ruwa sai ya zama tamkar ƙaramin garken kifaye na gudu tare. Shi kuwa bas, kifin da Amurkawa suka fi haukacewa a kansa, mafarauci ne mai faɗin baki, halinsa kusan na giwan ruwa duk da bai kai ta girma ba. Abincinsa a manyan tafkunan kudu wani ƙaramin farin kifi ne mai yawo garke-garke, shad, wanda in ka gan shi za ka tuna da kawara.

Wani mutumin Alabama, Andy Poss, shi ya ƙirƙiro wannan samfurin da ake iya jifa da sanda. Duniya ta san shi a watan Oktoba na 2011, lokacin da Paul Elias ya ci gasar FLW, wata babbar ƙungiyar shirya gasar kamun bas, a tafkin Guntersville da kifi mai nauyin laba 102 da oza 8 cikin kwana huɗu, wato fiye da kilo 46. Kafin shekara ta ƙare kowa na neman sa. A farkon 2012 wata ƙungiyar masu kamun bas, B.A.S.S., ta hana amfani da shi a manyan gasanninta, hukumomin jihohi kuma suka koma suna duba littattafansu don ganin me dokarsu ta ce kan ƙugiya da yawa a zare ɗaya. Amsar ta sha bamban daga jiha zuwa jiha, kuma nan ne sabon shiga yake faɗawa rami. Kanti zai sayar maka da lema mai waya biyar a ko'ina, mai kanti ba ruwansa da inda za ka jefa ta.

Kayan da za ka tanada

Lemar kanta, mai waya biyar. Ta tsakiya ta fi sauran tsawo a yawancin samfura, kuma irin wannan nake so. Akwai masu ɗauke da ƙananan farantai masu walƙiya a tsakiyar wayoyin, kamar YUM Flash Mob Jr., suna da kyau a ruwan da ya ɗan gurɓata.

Ƙugiyoyi masu kan dalma, lamba 3/0 ko 4/0. Nauyin da na fi amfani da shi oza 1/8 ne, kusan giram uku da rabi, sai 1/4, kusan giram bakwai, don ruwa mai zurfi.

Kifayen roba masu wutsiya mai kaɗawa. Huɗu 'yan inci uku zuwa uku da rabi, ɗaya kuma babba, inci huɗu zuwa biyar. Fari ko ruwan azurfa. Sayi fiye da abin da kake bukata, suna yagewa.

Ƙananan wayoyi masu murɗi kamar sifirin, waɗanda ake murɗa su cikin hancin kifin roba a rataye shi ba ƙugiya. Su ne sirrin aikin nan gaba ɗaya, kuma ba su da tsada.

Filaya mai dogon baki, filaya mai yanka ƙarfe, sufa gulu, da 'yan robobin ɗaure kuɗi.

Sanda mai ƙarfi, tsawon ƙafa bakwai da rabi ko kusa da haka, wadda aka rubuta a jikinta tana ɗaukar aƙalla oza uku zuwa huɗu. Injin naɗe zare irin wanda ke zama a saman sanda, mai matsakaicin gudu. Zare kuma ko kitsattse mai ƙarfin laba 50 zuwa 65, ko fulorokabon, wato zaren roba garai-garai, mai laba 20.

Sai lasisin kamun kifi na jihar da ruwan yake, da littafin dokokinta na wannan shekarar. Ana ba da littafin kyauta a kantunan kayan su, yana kuma shafin hukumar kula da kamun kifi ta jihar a intanet. Na sa shi cikin kayan aiki da gangan, domin ba tare da shi ba sauran kayan na iya zame maka tara.

Mataki na 1: Gano ƙugiya nawa ruwan ya yarda da su

Kafin ka taɓa filaya, yanke shawarar tafkin da za ka, sannan ka nemo adadin. Ga yadda na san wasu jihohi, amma dokoki suna sauyawa, littafin bana shi ne alƙali:

A Alabama, Kentaki da Teksas kana iya sa ƙugiya a dukkan wayoyi biyar. Teksas tana da iyakar ƙugiya 100 a jimlar duk kayan da mutum ya sa a ruwan daɗi, wanda lema ba ta kusa da shi.

Tenesi ta tsaya a uku ga kowace sanda. Misuri ma uku, Kalifoniya uku, Wiskonsin uku.

Ayowa da Arizona biyu a zare.

Minesota ɗaya tak.

Adadin kaɗai bai isa ba, karanta yadda aka rubuta shi. Abu uku nake dubawa. Na farko, me ake ƙirgawa, ƙugiya ko abin yaudarar? Misuri ta fito fili ta ce uku ne za su ɗauki ƙugiya, ragowar wayoyin kana iya rataya musu roba ko faranti marar ƙugiya. A jihar da ba ta yi wannan bayani ba, kar ka yi wa kanka fatawa, buga wa ofishin hukumar waya ka tambaya ko roba marar ƙugiya tana shiga lissafi. Na biyu, yaya ake ƙirga ƙugiya mai baki uku? A Tenesi mai baki ɗaya da mai biyu da mai uku duk ɗaya ake ɗaukar kowacce. Na uku, iyakar ta kowace sanda ce ko ta mutum ce? A Wiskonsin ukun nan jimlar abin da mutum ɗaya ya sa a ruwa ne. Ke nan in lemarka tana da ƙugiya uku, ba ka da ikon ajiye wata sanda a gefe da tana a jiki tana jira.

Bayan dokar jiha, duba ko tafkin yana da tasa ta musamman. A Ilinoi, misali, akwai ruwaye da dama da aka taƙaita su ga ƙugiya biyu a zare, alhali maƙwabtansu ba haka ba. Irin wannan yakan zo a bayan littafin, inda aka jera tafkuna ɗaya bayan ɗaya, wurin da yawancinmu ba ma kaiwa da karatu.

Mataki na 2: Duba iyakar jiha a kan ruwan

Wannan na ware shi daban saboda shi ya kusa kayar da ni. Kogin Tenesi an datse shi wurare da dama, tafki na bin tafki: Chickamauga, sai Nickajack, sai Guntersville. Kowa ya san Guntersville da Alabama, amma samansa yana cikin Tenesi, daga madatsar Nickajack har zuwa iyaka kusa da garin Bridgeport. Ruwa ɗaya ne, babu shinge, babu allo a tsakiyar kogi. Wata rana muka shiga jirgi ta ɓangaren Alabama da lema mai ƙugiya biyar, halal ɗinmu, muna bin kifi muna haurawa. Sai da abokin tafiyata ya kalli taswirar wayarsa ya ce, "Malam, ai mun daɗe da shigowa Tenesi." Na naɗe zare jikina a sanyaye. Ba wanda ya gan mu, amma da jami'i ya tsayar da mu, rashin sani ba zai zama hujja ba.

Haka Pickwick yake, ya taɓa Alabama da Misisipi da Tenesi. Tafkin Kentaki ya ratsa Kentaki da Tenesi. Table Rock yana tsakanin Misuri da Akansas. Wasu jihohin suna da yarjejeniya kan amincewa da lasisin juna a wani yanki na ruwan da suka haɗa, amma amincewa da lasisi daban, dokar ƙugiya daban. Abin da nake yi yanzu mai sauƙi ne: in tafki ya ratsa jiha biyu, na ɗauki adadin da ya fi ƙanƙanta na haɗa lemata a kansa tun daga gida.

Mataki na 3: Buɗe wayoyin

Sabuwar lema tana zuwa a tsuke. Riƙe kan da hannu ɗaya, idon ɗaura zare yana kallon sama, ka bar wayar tsakiya a miƙe. Sauran huɗun ka lanƙwasa su waje daga gindinsu, biyu sama, biyu ƙasa, kowacce kusan rabin kusurwar ɗaki. In ka kalle ta daga baya ta zama kamar alamar sau a lissafi, da ɗigo a tsakiya.

Kar ka buɗe su da yawa. Lema mai faɗi sosai tana da nauyin ja, tana kuma tasowa sama. In ka tsuke ta da yawa kuma robobin za su riƙa sarƙewa da juna. Gwada da robobin a jiki: wutsiyar ɗaya kada ta iya kaiwa ƙugiyar ɗaya. Sannan ka lanƙwasa sau ɗaya ka bari. Waya in ana kai ta ana dawo da ita a gindi guda sai ta gaji ta karye, kuma ba ta karyewa sai ranar da babban kifi ya kama.

Mataki na 4: Zaɓi wayoyin da za su ɗauki ƙugiya

Nan ne aikin yake. Robobin da ba su da ƙugiya nake kira 'yan rakiya. Aikinsu su cika garke, su jawo ido, amma kada su zama su ake cizo. Bas yakan taso wa garke daga ƙasa ko daga baya, ya zaɓi wanda ya ware ko ya makara. Saboda haka ƙugiya tana zuwa ƙasa da baya, 'yan rakiya sama da gaba.

In uku aka yarda: wayar tsakiya da biyun ƙasa su ɗauki ƙugiya, biyun sama 'yan rakiya. Wannan tsarin yana da wata fa'ida ta biyu. Tunda dalmar duk tana ƙasa, lemar ba ta juyawa a ruwa, tana tafiya a daidaice kamar kwalekwalen da aka zuba wa kaya a ciki.

In biyu aka yarda: kar ka sa ta tsakiya da ɗaya daga cikin na ƙasa a tsarin alamar sau, za ta karkace gefe guda. Tun wajen buɗe wayoyin ka lanƙwasa su su zama alamar tarawa, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, biyu a gefe. Sai ka sa ƙugiya a ta tsakiya da ta ƙasa. Wasu suna sa ƙugiyoyin biyu a wayoyin ƙasa su bar tsakiya da faranti. Yana aiki, amma ni ban yarda in bar wayar da ta fi cin cizo ba ƙugiya ba.

In ɗaya aka yarda: ta tsakiya kawai. A nan na fi son cire robobin rakiya gaba ɗaya in sa farantai masu walƙiya a wayoyi huɗun, domin kifi bai cika riƙe ƙarfe a baki ba, yakan wuce su ya kama robar da ke biye.

In biyar aka yarda, sa biyar in ka ga dama, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Amma ga ra'ayina, ko a Alabama uku nake sawa. Biyun saman nan ba su cika kama kifi a baki ba, sun fi kama shi a ciki ko a ido lokacin da yake fizge-fizge, sun fi kama raga, sun fi kama hannun mai su. Wanda ke ganin uku ta yi kaɗan ya tuna cewa bas ɗin da ya kafa tarihin girma a Tenesi a lokacinsa, laba 15 da oza 3, Gabe Keen ya kama shi a Chickamauga a watan Fabrairu na 2015, da irin wannan lemar, a jihar da iyakarta uku.

Mataki na 5: Sa robobi a ƙugiya

Ɗora ƙugiyar a gefen robar tukuna ka ga inda bakinta zai fito a baya, ka sa alama da farce. Soka ta tsakiyar hanci, ka tura a miƙe, ka fito da bakin a wurin alamar, daidai kan layin tsakiyar bayan. In robar ta lanƙwashe ko kaɗan, zare ta ka sake. Roba karkatacciya juyi take yi maimakon iyo, kuma ita ɗaya ta isa ta ɓata tafiyar sauran huɗun.

Kafin ka tura hancin ya haɗu da dalma, ɗiga sufa gulu ɗigo ɗaya. Jifan lema yana da ƙarfi, ba gulu robar za ta riƙa zamewa baya duk bayan jifa biyar.

Babbar robar ita ke zuwa tsakiya. In kana da ruwan rini mai launin rawaya-kore da ake sayarwa don wannan, tsoma ƙarshen wutsiyarta. In babu, alƙalamin maka ya wadatar. Manufar ita ce ta bambanta da sauran, ta zama ita ce saniyar ware.

Buɗe maƙalin, rataya idon ƙugiyar yadda bakinta zai kalli sama, ka rufe, ka matse da filaya. Ja kowanne da hannu. Maƙalin da bai rufu sosai ba shi ne asarar kifi ta farko da kowa yake yi.

Kar ka ƙara ƙaramar ƙugiya a wutsiyar roba don kama masu cizon baya. A jihar da ke ƙirga ƙugiya, ka iya mayar da uku ta zama huɗu ba ka sani ba.

Mataki na 6: Haɗa 'yan rakiya

Ɗauki wayar nan mai murɗi, ka kafa tsininta a tsakiyar hancin ƙaramar roba, ka murɗa robar a hankali har sifirin ya shige duka, ɗan zoben kawai ya rage a waje. Rataya zoben a maƙalin wayar sama, ka tabbatar bayan robar yana sama, cikinta yana ƙasa.

In ba ka samu mai murɗin ba, akwai hanya biyu. Ta farko, ɗauki ƙugiya mai kan dalma mafi sauƙin nauyi, ka yanke ta da filaya a miƙaƙƙen jikinta, kafin ta fara lanƙwasa, ka bar guntun da zai riƙe roba da gulu. Rufe wurin da tsumma lokacin yankan, guntun ƙarfen yana tashi kamar harsashi, ido yake nema. Kada ka tsaya a yanke tsinin kawai ko lanƙwasa bakin ciki. Abin da ya rage da siffar ƙugiya zai jawo maka gardama da jami'i a tsakiyar ruwa, kuma ba kai za ka ci ba. Yanke ta yadda ko yaro ya kalla zai ce wannan ba ƙugiya ba ce. Hanya ta biyu, kwance sifirin cikin biro mai dannawa, ka ɗan buɗe shi, ka lanƙwasa ƙarshensa ya zama zobe. Ba ya daɗewa, yana tsatsa, amma zai fitar da kai yini guda.

'Yan rakiya su fi masu ƙugiya ƙanƙanta, launinsu kuma ya fi dushewa. In ka dawo da lema ka ga an cire wa na sama wutsiya, ko kana jin duka amma ba kamu, to kifin na cizon 'yan rakiya ne. Rage girmansu, ko ka ɗan tura wayoyin sama gaba su yi nesa da na ƙasa, ko ka musanya su da farantai.

Wanda duk wannan ya yi masa yawa, akwai lema mai waya uku a kasuwa. Garkenta bai kai na mai biyar cika ido ba, amma a jihar uku ba ka da abin lissafi, kuma ta fi sauƙin jifa ga mai su daga bakin gaɓa.

Mataki na 7: Ɗaura zare ka gwada a gefen jirgi

Ɗaura zaren kai tsaye a idon lemar. Ƙullin Palomar yana da ƙarfi, sai dai dole ka zura lemar gaba ɗaya ta cikin madauki, don haka yi shi kafin ka rataya robobi, ko ka yi madaukin da faɗi. Jiƙa ƙullin da yawu kafin ka ja.

Zaɓin zare ya danganta da ƙasan ruwan. Inda akwai itatuwa da duwatsu, kitsattse ya fi, domin in lema ta maƙale kana iya ja har ƙugiyar ta miƙe ka ceto sauran. A ruwa garai-garai mai zurfi na fi son fulorokabon, yana nutsewa, kifi bai cika ganin sa ba.

Saki zare kamar ƙafa shida ka ja lemar a gefen jirgi kana kallo. Wutsiyoyi biyar su kaɗa, kan ya tsaya a miƙe, kada ta kwanta gefe. In ta kwanta, ko wayoyin ba su yi daidai ba, ko nauyi ya fi yawa a gefe guda. Sannan ka ƙirga ƙugiyoyin da yatsa, da baki. Ina yin haka har yau, duk da ni na haɗa.

Mataki na 8: Jifa da jawowa

Lema lokacin sanyi take ci, daga ƙarshen kaka zuwa farkon bazarar nan, sa'ad da ruwa yake tsakanin digiri 7 da 15 a ma'aunin Selsiyos, shad sun taru garke-garke, bas na rataye a ƙarƙashinsu. Nemi bakin rafukan da ke shiga tafki, ƙafafun gada, tsinin gaɓa mai gangarawa cikin zurfi. In ka ga tsuntsayen ruwa suna faɗawa wuri guda, je can.

Ba a fyaɗa lema kamar bulala. Waiga baya tukuna ka ga ba kowa. Bar zare kamar ƙafa biyu daga bakin sanda, ka lilo ta daga gefe a hankali, ka sake ta ta tafi da nauyinta. Dab da za ta faɗa ruwa, taɓa zaren da babban yatsa, wannan zai miƙar da robobin su faɗa a jere ba a cukurkuɗe ba.

Bar ta ta nutse kana ƙirge. Gwada a wurin da ka san zurfinsa don ka san saurin nutsewar taka, domin ya danganta da dalmar da ka sa. So ake ta wuce ta saman kifin kaɗan, bas sama yake kallo. Sai ka fara naɗewa a hankali, gudu ɗaya, iyakar abin da zai sa wutsiyoyi su kaɗa. Kuskuren kowane sabo shi ne sauri. Lokaci-lokaci ka yi naɗi biyu da hanzari ko ka ɗan tsaya, garken zai tsuke ya sake bazuwa kamar an firgita shi, kuma yawancin cizo a nan yake zuwa.

In ka ji duka, kar ka fizge. Ci gaba da naɗi har sandar ta yi nauyi, sannan ka ja ta gefe da ƙarfi ɗaya. Wani lokaci kana jawo ɗaya wani zai biyo ya kama ta biyu. Ranar da hakan ta fara faruwa da ni na ɗauka kututture na kama.

In ta maƙale a ƙasa, kar ka tsaya inda kake kana ja. Zagaya da jirgin ta bayan abin da ya riƙe ta ka ja ta can, sau da yawa da kanta take fitowa. In za ka ja kitsattsen zare da ƙarfi, naɗe shi a jikin itace ko hannun filaya, kada a hannunka, yana yanka har ƙashi.

Mataki na 9: Fitar da kifi

Nan ne mutane ke jin rauni. Kifi yana bakin ƙugiya ɗaya, sauran suna lilo kusa da hannunka. Yi amfani da koma mai ragar roba, mai zare tana sarƙe ƙugiya ta cinye maka rabin sa'a. Riƙe kan lemar da hannu ɗaya ya daina lilo, sannan ka kama leɓen ƙasa na kifin, ka cire da filaya. Fara da ƙugiyar da ta kama jikinsa in akwai, sannan ta baki.

Kifin da ƙugiya ta kama a jiki kawai, ba a baki ba, jihohi da dama ba su yarda a riƙe shi ba. Ni sakin sa nake yi ko a ina. Adadin da za ka tafi da shi gida da tsawon da ya halatta su ma suna cikin littafin nan. A Tenesi biyar ne a yini a yawancin ruwaye, tsawo kuma kowane tafki da nasa, don haka ajiye abin awo a jirgi. Da yawa daga cikin masu kamun bas a nan sakin sa suke yi bayan hoto, abin da har yau in na ba mutanen gida labari sai su riƙe baki.

Mataki na 10: Ajiya, da shirin tafiya ta gaba

Ba sai ka miƙar da wayoyin ba. Tattaro su da hannu zuwa tsakiya, ka ɗaure da robar kuɗi, za su koma yadda suke in ka kwance. Bar ta ta bushe kafin ka rufe a akwati, musamman in robobin masu gishiri ne, suna sa ƙugiya tsatsa.

Tunda ina yawo tsakanin jihohi, lema uku nake ajiyewa a haɗe, kowacce a jakar leda da na rubuta wa lamba da maka: 3, 2, 1. In zan shiga ruwa na ɗauko wadda ta dace, sauran su zauna a mota. Kada ka bar mai ƙugiya biyar ɗaure a sanda a kan jirgi cikin ruwan da iyakarsa uku, ko da ba ka jefa ta ba. Bayanin da za ka yi ya fi ƙarfin Turancin yawancinmu a lokacin da gaba ke faɗuwa.

In kuma gasa za ka shiga, ko ta ƙaramin kulob ce ta ranar Asabar, nemi takardar sharuɗɗansu daban. Wasu sun hana lema gaba ɗaya, wasu sun tsaya a uku ko da jihar ta yarda da biyar. Tambayi mai shirya gasar kafin ka biya kuɗin shiga, domin a wurin awo in aka soke kifinka ba a mayar da kuɗi.